Yadda Ake Koya wa 'Yan Firamare Buga Zane da Hatimi a Takarda da Yadi

A yawancin makarantunmu na firamare, darasin zane ba ya wuce malami ya zana kofi ko mangwaro a allo, yara su kwafa a littafi. Wanda hannunsa ya faɗa ya sami maki, sauran kuma su tashi da tunanin cewa su ba a ba su wannan baiwar ba. Buga zane da hatimi ya fi wannan adalci. Yaron da layinsa ba ya miƙewa, idan ya riƙe guntun kuɓewa ya dangwala a fenti ya danna a takarda, fure zai fito masa daidai da na kowa. Daga nan sai ya buga na biyu, ya buga na goma, kafin a tashi ya cika shafi da adon da zai kai gida ya nuna.

Aikin ba shi da tsada, amma yana da tsari, kuma wanda ya tsallake tsarin zai sha wahala. Takarda ce farko, yadi ne ƙarshe. Kafin yaro ya taɓa yadi, abu uku ya kamata su zauna masa a hannu: wurin da ya taso a jikin hatimi shi ne yake fitowa, zanen yana fitowa a juye, kuma fenti kaɗan ya fi mai yawa kyau.

Kayan da za a tara

Hatimin kansa daga bola da kicin yake fitowa. Mafi amfani a wurina shi ne tsohon silifas. Robarsa tana yankuwa cikin sauƙi, tana ɗaukar fenti, ana wanke ta a sake amfani da ita har zango ya ƙare. Ku sanar mako guda kafin darasin cewa duk wanda ke da silifas da ya tsinke a gida ya kawo, a wanke da omo a shanya. Bayansa akwai kwali mai kauri, da igiya ko zaren buhu, da marfin kwalba, da totuwar masara, da ganyen mangwaro ko na gwaba masu jijiya a baya, da farin mazubin nan na soso da ake zuba abincin tekawe.

Littattafan koyarwa da yawa da dankalin turawa suke farawa. Yana aiki ƙwarai, amma abinci ne, kuma a wannan tsadar ba na ganin ya dace a ce kowane yaro ya zo da dankali daga gida. Ga shi kwana ɗaya yake yi ya yamutse. Ƙwaya huɗu ko biyar a hannun malami sun isa nuni. Kuɓewa kuwa a nemi wadda ta tsufa ta yi ƙarfi, wadda mai miya ba za ta saya ba. Rogo ɗanye a bar shi, domin ƙananan yara komai baki suke kai wa.

Don takarda, fentin ruwa na 'yan makaranta ya wadatar, kuma launi uku kawai za a saya: ja, ɗorawa da shuɗi, sai baƙi idan da hali. A nan Kaduna, shagunan littattafai da ke cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kewayenta ba a rasa shi. Idan kuɗi bai kai ba, a dama koko na sitaci mai ɗan kauri a zuba masa bula, ko garin kurkum, ko ruwan zoɓo mai kauri. Yaran da ke zuwa makarantar allo sun riga sun san tawadar da ake haɗawa da ƙaro, ita ma tana bugawa a takarda idan aka yi ta da kauri. Yadi kuwa sai da fentin yadi na musamman, wanda masu buga rubutu a riguna ke amfani da shi. Ku ce wa mai shago na ruwa kuke so. Fentin mai na ƙofa da taga, wanda sai da kananzir ko fetur yake fita daga hannu, kada ya shigo aji ko kaɗan.

Saura faranti ko marfin bokiti, da sosan katifa da aka yanka siriri, da tsofaffin jaridu, da tsumma, da bokitin ruwa biyu. Kafintoci a Panteka ko na unguwa suna zubar da guntayen katako, ku roƙa. Su za a manna wa robar a samu mariƙi. Wajen jaridun da za a shimfiɗa, a duba tukuna: duk shafin da ke da aya ko rubutun addini a ware shi gefe, kada a ɓata shi da fenti a jefa a shara.

Shirya aji

Ajin gwamnati a Rigasa ko Tudun Wada yana iya haura yara sittin, don haka kowa da farantinsa ba zai yiwu ba. A raba su rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, kowane rukuni da faranti biyu, wato launi biyu. A shimfiɗa soso a cikin farantin, a zuba fenti cokali ɗaya ko biyu, a murza da bayan cokali har sosan ya shanye. Yaro a kan sosan zai dangwala hatiminsa, ba a cikin ruwan fenti ba. Wannan ɗan sosan shi ke raba aiki mai tsabta da caɓi.

Kowane hatimi da launinsa. Na ja ya zauna a farantin ja. Idan aka bar yara suna tsoma nan suna tsoma can, cikin minti goma duka farantan sun koma ruwan ƙasa. A naɗa shugaba a kowane rukuni ya lura da wannan kaɗai.

A ƙarƙashin takardar da za a buga a sa jarida ninki uku ko huɗu. Benci mai tauri da ramuka ba ya ba da bugu mai kyau, ɗan laushin jarida ne ke sa ko'ina na hatimin ya taɓa takarda. A ce yara su zo da tsohuwar riga su ɗora a kan yunifom, 'yan mata kuma su ɗaure hijabi ta baya ko su soke shi cikin rigar. Uwar da ta ga farin hijabi ya dawo da shuɗi ba za ta saurari bayanin fasaha ba. A nemi darasi biyu a haɗe, domin shiri da wanke-wanke kaɗai suna cinye rabin darasi guda. A ɗaura igiya a bayan aji don shanya.

Mataki na farko: buga abin da aka tsinta

Ranar farko babu yanka, babu zane. A ajiye marafan kwalba, kuɓewa da aka yanka a kwance, rabin albasa, totuwa da ganye a tsakiyar kowane rukuni. Malama ta ɗaga ɗaya ta tambaya, "Yarana, wa zai gaya min abin da zai fito idan na danna wannan?" Su faɗi nasu, sannan ta buga su gani.

Motsin hannun shi ake koyarwa a nan, kuma ya kamata a yi shi a hankali a gabansu sau da yawa: dangwala a soso sau biyu ko uku, duba fuskar hatimin ko ko'ina ya samu, ɗora a takarda, danna da tafin hannu ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan a ɗaga sama kai tsaye ɗayan hannun yana dafe da takardar. Ba a murzawa, ba a ja. Yara suna son buga hatimi da ƙarfi kamar ma'aikacin banki, sai zanen ya goce. A nuna musu bambancin da gangan, ɗaya da duka ɗaya da dannawa, su zaɓi wanda ya fi.

Ganye yana da nasa salon. A shafa fenti a bayansa da ɗan soso, a kwantar da shi a takarda, a rufe da guntun jarida a shafa da yatsu, sai a ɗaga ta wajen tsinken. Jijiyoyin za su fito ɗaya bayan ɗaya. A sa kowa ya buga abu ɗaya sau uku a jere ba tare da ƙara fenti ba. Sau da yawa na biyun ya fi na farko fitowa tsaf, kuma da idonsu za su gane cewa yawan fenti cike ramuka yake yi. 'Yan aji ɗaya da biyu suna iya tsayawa a wannan matakin na tsawon makonni, ya ishe su.

Mataki na biyu: yaro ya yi hatiminsa

Daga aji uku zuwa sama sai a shiga ƙirƙira. Akwai hanyoyi biyu da ba sa bukatar wuƙa. Ta farko, a yanka gindin mazubin soso murabba'i, yaro ya zana a kai da biro yana dannawa har layin ya lotsa. Idan aka buga, layukan za su fito fari, kewayensu ya ɗauki launi. Ta biyu, a shafa gam a guntun kwali ko katako, yaro ya kwantar da igiya a kai yadda yake so, a bar shi ya kwana ya bushe. A nan layin ne zai ɗauki launi, kewaye ya zauna fari. Ku buga biyun gefe da gefe a allo. Babu bayanin da ya kai wannan nunin wajen fahimtar da su cewa abin da ya taso shi ke bugawa.

'Yan aji biyar da shida su ne na silifas. Yaro ya zana siffarsa a kan robar da biro, ya yi wa wuraren da za a cire alama, ya kawo wa malami. Reza da wuƙa a hannun malami suke zama, ko da yaro ya rantse cewa shi ke fere doya a gidansu. Abin da za a iya bar musu shi ne almakashi mai dakusasshen baki, su yanka siraran roba su manna a katako. Idan yaran suna da yawa, a karɓi zanen a yanka a ofis kafin darasi na gaba. Siffa ta zama babba kuma mai sauƙi, faɗinta kamar santimita 5 zuwa 7. Layin da ya fi tsinken ashana siranta karyewa zai yi.

Me za su zana? A nan ne nake ganin ya kamata malami ya ja su zuwa gida. Dagin Arewa yana da wuya ga mai farawa, amma ana iya sauƙaƙa shi zuwa murabba'i biyu da suka sarƙe. Akwai aska biyu da aska takwas na wuyan babbar riga, akwai adon hula, da zayyanar allo, da zanen lalle, da irin adon da ke jikin bangon fadar Zazzau, da zanen da ake yi wa ƙwarya. Ku ce kowa ya kalli atamfar mahaifiyarsa ya zo da siffa ɗaya daga ciki. Irin waɗannan siffofin suna da wani amfanin kuma: ajin Kaduna ya haɗa yara daga gidaje daban-daban, wasu iyayen ba sa son zanen abu mai rai, amma tauraro da ganye da dagi babu mai ƙorafi a kansu.

Sai batun juyewa, wanda shi ne ya fi ɗaure wa yara kai, kuma shi ya fi daɗin koyarwa. Kada ku faɗa musu tun farko. Ku bar kowa ya yi harafin farko na sunansa ya buga. Masu A, H, M, T da U za su yi murna, domin haruffansu ba sa canzawa. Masu B, K, S, R da Z za su ɗago kai, "Malama, nawa ya juya baya!" A lokacin ne za a fito da madubi a kanga wa hatimin, su ga cewa abin da madubi ya nuna shi takarda za ta nuna. Maganinsa mai sauƙi ne: a rubuta harafin daidai a takarda da fensir mai baƙi sosai, a kifa takardar a kan roba mai haske, a goga bayanta da ƙarfi da gindin biro. Harafin zai koma kan robar a juye, sai a bi shi a yanka. Haka masu sassaƙa hatimin ofis suke aiki, kuma da yaro ya gane wannan ya gane yadda ake ɗab'i gaba ɗaya.

Nan ne wurin ɗan labari, na minti biyar. A ƙasar Sin an daɗe ana sassaƙa shafi guda a kan katako a buga, kuma bugaggen littafi mafi tsufa da aka samu da kwanan wata a jikinsa an buga shi ta wannan hanyar a shekarar 868, kusan shekara 600 kafin injin ɗab'i na Gutenberg a Jamus. Yana ajiye a Landan yanzu. A garin Ntonso kusa da Kumasi a Ghana, da guntun ƙwarya ake sassaƙa hatimin da ake buga yadin adinkra, kowace alama da ma'anarta. A Bagru da ke jihar Rajastan ta Indiya har yau da hannu ake buga yadi da katako. Kuma Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin manyan masu wannan fasahar a Najeriya, a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello.

Mataki na uku: jeri

Hatimi ɗaya a tsakiyar takarda ba ado ba ne tukuna. Adon yana cikin maimaitawa. A ba kowa takarda ya ninka ta sau uku ya buɗe, zai ga gida takwas, idan ya ninka sau huɗu gida sha shida. Ya buga ɗaya a kowane gida. Takarda ta biyu ya buga gida ɗaya ya tsallake ɗaya. Ta uku ya riƙa juya hatimin, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ta huɗu ya gusa layi na biyu da rabin gida, yadda magina ke jera bulo. A yi wa bayan kowane hatimi kibiya da biro domin yaro ya san ina ne samansa.

Launi biyu sai na farko ya bushe, kuma mai haske ake farawa da shi. Idan shuɗi ya hau kan ɗorawa kore zai fito a inda suka haɗu, ja a kan ɗorawa ya ba da ruwan lemo. Malamin lissafi ma yana da rabo a nan: layi huɗu, kowanne da bugu biyar, nawa ke nan?

Mataki na huɗu: yadi

Sai wanda ya cika takarda da jeri mai tsabta zai wuce nan. Ku faɗi haka tun farko, za ku ga yadda za su natsu.

A sayi farin yadin auduga, akoko ko alawayyo. Mai santsi na roba ba ya riƙe fenti sosai. Yadi ɗaya mai faɗin inci 36 yana ba da hankici tara masu inci 12, don haka yadi bakwai ya ishi yara 60 har da saura na gwaji. Idan babu kuɗin haka, teloli a Kasuwar Barci suna tara ƙyallaye, a zaɓi farare da masu haske. Dole a wanke sabon yadi kafin a buga, saboda sitacin da masaƙa ke sa masa yana hana fenti kama zare, ranar wanki na farko sai zanen ya bi ruwa. A shanya, a goge, sannan a yanka.

A shimfiɗa tsohon bargo ko buhu ninki biyu a kan tebur, a ɗora jarida, a ɗora yadin a miƙe, a kama kusurwoyinsa da salatif. Idan riga ce ko jaka, a zura kwali a ciki don kada fentin ya ratsa zuwa baya. A ja gidajen da alli a hankali, ko a ninka yadin a danne da hannu ya bar shaida. Yadi ya fi takarda shan fenti, saboda haka a nan kowane bugu sai an sake dangwalawa, kuma dannawar ta kai ƙirga biyar. Bugun farko kullum a kan ƙyallen gwaji. Rukuni ɗaya kawai ya yi aikin yadi a lokaci guda a teburin malami, sauran suna ci gaba da takarda, domin fentin yadi idan ya bushe a yunifom ya zauna ke nan. Da hunturu fentin yana bushewa a kan soso da sauri, sai a riƙa yayyafa masa ɗan ruwa ana rufe farantin da leda. Da damina kuwa shanyar ce ke daɗewa.

A bar yadin ya kwana ɗaya cur a inuwa. Washegari a kifa shi, a ɗora wani ƙyalle a kai, a goge da dutsen guga mai zafi na minti uku zuwa biyar ana yawo da shi, ba tare da yayyafa ruwa ba. Na gawayi ma yana yi idan babu wuta. Zafin ne ke sa fentin ya kama zaren, kuma wannan aikin na manya ne. A duba jikin robar fentin, idan masu shi sun rubuta wani lokaci daban a bi nasu.

Yara za su tambaya ko zoɓo da kurkum za su yi a yadi. A bar su su gwada a ƙyalle su wanke da sabulu. Kurkum zai koma ja-ja idan sabulu ya taɓa shi, rana kuma ta kashe shi, zoɓo ya dushe ya yi toka-toka. Daga nan sai a faɗa musu dalilin da ya sa marina irin na Ƙofar Mata a Kano suke da sana'a ta kansu: sa launi ya zauna a zare ilimi ne daban.

Kaduna gari ne da ya ci abinci da yadi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da sauransu. Injinan buga atamfa da manyan rola na ƙarfe suke aiki, amma tushen ɗaya ne da na silifas: siffa guda, ana maimaita ta a jere, launi bayan launi. A makarantun Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa da wuya a rasa yaron da kakansa bai yi aiki a ɗaya daga cikinsu ba. Idan hedimasta ya yarda, a gayyaci dattijon ranar buga yadi, a ba shi kujera, a ce, "Baba, a duba mana aikin jikokinka." Zai ga karkacewar layin da malami bai gani ba.

Wajen ba da maki, a duba ko gefen zanen ya fito tsaf, ko tazarar ta daidaita, ko yaron ya gane juyi, da ko ya wanke kayansa. Hatiman roba a wanke su nan take kafin fenti ya bushe a ramuka, a shanya, a rubuta sunan mai shi a bayan katakon a zuba a kwali ɗaya. Hankicin kuma kada a ba yaro ya tafi da shi sai da 'yar takarda zuwa ga mahaifiyarsa: kada a wanke sai bayan kwana uku, a wanke da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ban da bilic, a shanya a inuwa.